Muhawara a zauren iyaye: me zan ce wa 'yata in ta tambaye ni ina kakarta take?

Mai ɓoye suna: Barkanmu da dare jama'a. Admin, na gode da kika yarda a saka wannan ba da sunana ba. Duk wanda ya karanta zai gane dalili.

Ina da mata da yara biyu, babbar shekararta shida, ƙaramin bai cika uku ba. Matata mai ibada ce. Ni kuwa imani ya daɗe da fita daga zuciyata. Babu malamin da ya ɓata mini rai, kuma ba neman hanyar shan giya nake ba, har yau ko sigari ban iya ba. A hankali abin ya riƙa zarewa har na wayi gari ban yarda akwai mai sauraron addu'ata ba. Ina zuwa Juma'a saboda unguwa, ina azumi saboda gida. Ban zo jan kowa ba, kuma ba za ku ji na zagi abin da kuke girmamawa ba.

Mahaifiyata ta rasu bayan babbar sallah, kuma a ɗakinta yarinyar nan ta tashi. Tun ranar tambaya ba ta ƙare ba. Hajiya tana ina? Tana jin yunwa? Tana ganinmu? Uwarta takan ce tana wurin Allah, mu yi mata addu'a. Sai ta zagayo wurina, don ni ne mai amsa tambaya a gidan: me ya sa wata yake bin mu in muna cikin adaidaita sahu, ina wuta take tafiya in an ɗauke. Tsarina da ita shi ne abin da za mu iya gwadawa mu gwada. Kwanaki ta tambaye ni ina gishiri yake zuwa in an zuba shi a ruwa. Muka jiƙa shi, muka zuba ruwan a faranti, muka ɗora kan katanga a rana. Da ruwan ya ƙafe ga gishiri fari fat a gindin faranti. Ta yi ta tsalle. Da dare ta zo ta zauna a cinyata ta ce, "Abba, to Hajiya ma za ta dawo kamar gishirin?"

Ni a wurina Hajiya ta ƙare, abin da ya rage shi ne mu da muke tuna ta. In na faɗa mata haka, gobe za ta maimaita a Islamiyya. In na ce mata tana aljanna, na faɗi abin da ban yarda da shi ba ga yarinyar da ta ɗauka Abbanta ba ya ƙarya. Iyaye, me za ku ce mata?

Abu Mus'ab: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bawan Allah ka tuba tun kafin mutuwa ta riske ka. Admin ki goge wannan, zauren tarbiyya ne ba dandalin yaɗa shubuha ba.

Anti Binta (admin): Ba zan goge ba. Mutum ya zo da ladabi yana tambaya a kan 'yarsa. Wanda zai yi nasiha ya yi, wanda zai yi zagi in cire shi. Kuma duk wanda na ji ya ɗauki hoton wannan hirar ya kai wani zaure, shi da nan har abada.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Hajiya, ya ba ku haƙuri. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, bari in ajiye maganar aƙida ga malamai in yi ta yarinyar. Tsakanin shekara biyar zuwa bakwai ne yara suke fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma jikinsa ya daina aiki gaba ɗaya. Kafin nan suna ɗaukar mutuwa kamar tafiya Kaduna. Tana maimaita tambayar ne don kanta yana ƙoƙarin ɗaukar abin, kuma za ta ci gaba da yi ko da kun ba ta amsa mafi kyau a duniya.

Tambayar da ta yi maka, za ta dawo, amsarta ɗaya ce a wurinka da wurin uwarta: a'a, ba za ta dawo gidan nan ba. Tana jin yunwa? Jikinta ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo. Wannan babu ƙarya a ciki ga kowannenku. Abin da nake roƙon iyaye kullum: kada a ce wa yaro mamaci "barci yake" ko "ya yi tafiya". Na ga yaron da ya ƙi yarda uwarsa ta kwanta da rana saboda an ce masa kakansa barci ya yi. Kuma ka lura, sau da yawa ƙarƙashin tambayar akwai wata da ba ta furta ba, wato kai da Mamanta ma za ku tafi ku bar ta?

Malam Habu Zariya: Ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa mahaifiyarka. Abu Mus'ab, sassauta, da kausasa harshe ba a taɓa dawo da kowa ba. Shekaruna da yawa ina koyarwa a Islamiyya, kuma tambayar "wa ya halicci Allah" babu ajin da ban ji ta ba. Hadisi ma ya faɗa cewa mutane ba za su gushe suna tambaya ba har su kai ga wannan. Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake raya matattu, aka ce masa ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Yana cikin Baƙara, aya ta 260. Malamin da yake dukan yaro don ya yi tambaya, ƙarancin karatunsa yake ɓoyewa.

Amma kai ina da magana da kai. Na lura ginshiƙinka shi ne gani ya kori ji. To Imam Gazali, wanda ya koyar a Nizamiyya ta Bagadaza ya rasu a 1111, ya bi hanyar nan har ƙarshenta, ya rubuta labarin a littafinsa Munƙizu minad Dalal. Ya ce bari in riƙe abin da ido ya gani kawai. Sai ya duba inuwa, ido ya ce a tsaye take, bayan sa'a guda ga ta ta matsa. Ya duba tauraro, ido ya ce bai fi dinari ba, lissafi ya ce ya fi ƙasa girma. Ya ce to hankali ne alƙali. Sai ya tambayi kansa, mai mafarki ma ai yana da yaƙini da abin da yake gani har sai ya farka, me ya tabbatar mini babu wata farkawa a gaban wannan? Ka ga shakka in an bi ta da gaske ba a kan addini kaɗai take tsayawa ba, har farantin gishirinka za ta haɗiye.

Kuma in tambaye ka. Kana sa yarinyar ta wanke hannu saboda ƙwayoyin cuta. Ta taɓa ganinsu? Kai ka taɓa gani? Ji ka yi daga wanda ka amince da shi, ita ma ji ta yi daga gare ka.

Mai ɓoye suna: Allah gafarta malam, na gode da ka yi mini magana kamar mutum. Na karanta wurin nan na Gazali. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ya ce ya warke. Ya ce ya yi kusan wata biyu a cikin wannan hali, kuma bai fita da hujja ko tsara dalili ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Na yarda da gaskiyarsa, haka ya ji. Ni hasken bai zo ba, kuma na nema da kuka a sujada lokacin ina nema.

Maganar ƙwayoyin cuta, haka ne, yawancin abin da na sani ji na yi. Bambancin a wurina shi ne ƙofar dubawa a buɗe take. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ne ya fara ganinta a jinin mara lafiya a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897. Yau in ka ɗauki ɗigon jini ɗaya ka ba ma'aikacin ɗakin gwaji Musulmi a Kano, da Kirista a Jos, da Bahinde a Delhi, abu ɗaya za su gani a madubin likita. Ka tambayi su ukun ina Hajiya take, amsa uku za ka samu, kowa kuma da yaƙininsa.

Yadda nake kasa abubuwa a kaina, in ina kan hanyar kai yara makaranta ina tunani: akwai abin da yake nan ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kamar sauro da kwalta da kuɗin makarantar da ban gama biya ba. A'a, kuɗin ma ba nan yake ba, shi yana kashi na biyu, abin da yake nan don mun haɗu mun yarda. Ku tuna farkon 2023. Babban Banki ya sanar tun Oktoban 2022 zai sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Takardar da na sayi shinkafa da ita jiya, yau mai shago ya ce ba kuɗi ba ce. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce kuɗi ce, ta koma kuɗi. Takardar ba ta canza ko ɗigo ba. Sai kashi na uku, abin da aka faɗa mini kuma babu hanyar da zan duba. Nan na ajiye lahira. Ban ce na tabbatar babu ba, na ce ban ga abin da zai sa in ce akwai ba.

Issoufou Damagaram: Mu nan Nijar mun riga ku ganin wannan. Janairun 1994 aka kwana aka tashi an karya sefa gida biyu, faran ɗin Faransa da yake sefa hamsin ya koma ɗari. Tsohona yana da jikkunansa a akwati, bai taɓa su ba, rabin ƙarfinsu ya tafi. Amma ɗan'uwa kar ka raina kashi na biyun nan. Yunwar da ta biyo baya ta gaske ce, ba yarda aka yi da ita ba. Ni tambayata, son da tsohuwarka ta yi wa jikarta, wane kashi ka sa shi? Ba a ganinsa a madubin likita, ba kuma taro aka yi aka amince da shi ba.

Mai ɓoye suna: Na farko, Malam Issoufou. Ya faru. Ita ta goya ta, ita ta koya mata cin tuwo da hannun dama, kuma yarinyar tana dariya irin tata sak. Abin da ya riga ya faru babu mai mayar da shi bai faru ba. Wannan kam ko a gaban alƙali zan rantse.

Sani Mai Waya: Da me za ka rantse 😂

Anti Binta (admin): Sani.

Sani Mai Waya: Tuba nake Anti. Amma ni fa har na yi aure ban daina gudu ba in na zo wucewa ta gindin tsamiyar bayan gidanmu da dare. Wane kashi wannan?

Goggo Asabe: Sani kashin matsorata. Ni jikata ce ta karanta mini, ta ce in faɗa ta rubuta. Yaro, Allah ya jiƙan uwarka. Ku 'yan boko kuna ɗauka yara ba su san bambancin gaske da wasa ba. Sun sani sarai. Mu da muna yi musu tatsuniya, da ka ce ga ta nan ga ta nanku sun ce ta zo mu ji ta, kowa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, inda kura take magana. In an gama a ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ka ji, mai tatsuniya da bakinsa yake faɗa musu. Babu yaron da ya taɓa zuwa daji neman gidan Gizo. Suna gane muryar da babba yake wasa da ita da muryar da yake gaske da ita. Shi ya sa nake ce maka yarinyar nan ta riga ta ji muryarka ta bambanta da ta uwarta in an zo maganar Hajiya. Abin da ya sa take zagayowa ke nan.

Maman Ilham: Goggo ta faɗi gaskiya, kuma an yi bincike a kai. Wani masanin halayyar yara a jami'ar Harvard, Paul Harris, shi da abokan aikinsa sun tambayi yara a kan abubuwan da ba a gani. Suka tarar yaran sun fi sakankancewa da ƙwayoyin cuta da iskar da muke shaƙa a kan abubuwan da manya suke cewa "mun yi imani da su". Bayanin da suka kawo shi ne yadda manya suke magana. Babu mai cewa na yi imani da ƙwayoyin cuta, cewa ake wanke hannunka akwai datti. A Amurka aka yi, ban ce haka zai fito a Gusau ba, inda ake ambaton Allah a kowace gaisuwa.

Amma Goggo, dodon da ake tsorata yara da shi ba cikin tatsuniya yake ba, da muryar gaske ake faɗarsa. "Ka yi shiru ko dodo ya zo." Mu kuma an mai da mu dodon zamani, "in ba ka ci ba a kai ka a yi maka allura." Sai a kawo mana yaro yana zazzaɓi, mutum uku ba su iya riƙe shi ba.

Goggo Asabe: To da me za a hana yaro leƙa rijiya? Dodon rijiya ya ceci yara da yawa 'yar nan.

Maman Ilham: Da murfi, Goggo 🙏

Hauwa Kumasi: Ina bin ku daga Zango. Tunda an zo nan, ɗana mai shekara goma sha ɗaya yana farkawa cikin dare ya ce wani abu ya danne shi, ba ya iya motsi ba ya iya ihu, har yana ganin mutum a bakin ƙofa. Kakarsa ta ce dannau ne, a yi masa rubutu.

Maman Ilham: Hauwa, sanannen abu ne kuma a duk duniya ake yinsa, kowace al'umma da abin da take cewa yana danne ta. A lokacin barcin da ake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci mutum yakan farka kafin a sake masa gaɓoɓin, ido biyu, jiki a ɗaure, ragowar mafarkin kuma tana haɗuwa da ɗakin da yake gani. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ki duba ko yana kwana da waya. Ki gaya masa abin da yake faruwa tun da rana, tsoron yakan ragu in yaro ya san zai wuce. Addu'ar barci kuma ya ci gaba da abarsa.

Abu Mus'ab: Ga irinta nan. An fara da mulhidi, yanzu an koma musun aljanu. Sura guda Allah ya saukar da sunansu.

Maman Ilham: Malam, ban musa aljanu ba, ina karanta Falaƙi da Nasi ga 'ya'yana kowane dare. Abin da na ce shi ne ba duk abin da aka jingina musu ne nasu ba. Ka zo sashenmu lokacin damina ka ga yaran da aka kwana ana yi musu hayaƙi suna jijjiga, zazzaɓi ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa kafin a kawo su. Da can mace in 'ya'yanta suna mutuwa suna ƙanana sai a ce wabi take, a sa wa na gaba Ajuji. Cikin irin gidajen nan akwai waɗanda uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jininsu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Gwajin jini kafin aure ne maganin wannan.

Malam Habu Zariya: Abu Mus'ab, baiwar Allah nan ba ta fita daga sunna ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu aka yi husufin rana. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Uba ne da ya binne ɗansa a ranar, amma ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bai bar su da bayanin da ba daidai ba ko da yana ɗaukaka gidansa. Waɗanda suke Gusau da Katsina za su tuna hantsin Laraba 29 ga Maris 2006 da gari ya yi duhu. Masana taurari sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin nan, mu kuma muka yi sallar husufi. Ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba.

Mai tambaya, a nan muka rabu da kai: kai kana ganin lissafin ya wadatar, ni ina tambayar wa ya sa sammai suke bin lissafi har ɗan Adam ya iya riga su.

Zainab A.: Kowa yana ta falsafa, babu wanda ya tambayi matar. Malam mai ɓoye suna, kana taƙama ba ka yi wa 'yarka ƙarya. Uwar 'yar fa? Tana tashi ta dafa maka sahur. Tana ganin ka saɓa darduma ka fita Juma'a. Wataƙila har jan ta sallah kake yi. An ɗaura muku aure a kan kai Musulmi ne, kuma ka san abin da malamai suke cewa a kan auren wanda ya bar addini. Ita ba ta da haƙƙin sanin da wa take zaune? Gaskiyar da kake tsoron karyawa da yarinya 'yar shekara shida, kullum kana karya ta da babbar mace.

Hauwa Kumasi: Wallahi abin da yake raina ke nan na kasa faɗa.

Mai ɓoye suna: Hajiya Zainab, tambayar tana kan hanya. Ba na jan ta sallah, na daɗe da zamewa daga wannan, kuma ita ba yarinya ba ce, ta lura. Ta taɓa ce mini "Abban Nana, ina sa ka a addu'a," ba ta ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. Abin da ta sani da abin da ta zaɓi kada ta tambaya, ita ta san iyakarsu.

Ki duba abin da furtawa take nufi a inda nake. Ranar da na faɗa da baki, na ɗora mata dole: ko ta kai maganar gidansu a raba mu, ko ta ɓoye ta riƙa ganin kanta cikin zunubi. Yaran kuma su tashi ana nuna su. Kuma kowa a nan ya san Mubarak Bala. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Ni ban rubuta irin abin da ya rubuta ba kuma ba zan rubuta ba, amma taron unguwa ba ya tsayawa karanta bambanci.

Zainab A.: Na ji uzurinka, kuma ban ce ka hau mumbari ba. Amma ka lura kai ka yanke mata abin da za ta iya ɗauka, ba ita ba.

Barista Nura: Ta fuskar doka, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya addini ko aƙida. Abin da ake gurfanar da mutane a kai shi ne kalaman da aka ɗauka ɓatanci ne ko masu iya tada hankalin jama'a. Wannan a takarda ke nan. Maganar aure da riƙon yara kuwa gaban kotun shari'ar Musulunci za ta je tunda a kanta aka ɗaura, kuma can lissafin daban ne. Shawarata gare shi, kada ya amsa saƙon kowa ta bayan fage daga zauren nan, ko da da kyakkyawar niyya aka aiko.

Maryam Jamus: Ni tawa a juye take. Muna gabashin Jamus, inda yawancin mutane ba su da addini, ba don sun yi faɗa da shi ba, haka suka tashi tun zamanin kwaminisanci. Ɗana ne kaɗai mai azumi a ajinsu. Da kakan abokinsa ya mutu, abokin ya ce masa an ƙona gawar an binne tokar a gindin bishiya, shi ke nan. Ya dawo gida ya tambaye ni wa yake da gaskiya. Na ce masa mu Musulmi ga abin da muka yi imani da shi, ga dalilina ni uwarka, su kuma ga abin da suke gani. Ban iya ce masa kowa ya yarda da namu ba, tunda da idonsa yana ganin ba haka ba ne. Abin da ya ba ni mamaki, yaran nan marasa addini ba su fi namu rashin kunya ba, ba su kuma fi su ladabi ba. Yara ne dai, da mai kirki da ɗan banza.

Mai tambaya, "Mamanki ta yi imani Hajiya tana wurin Allah, haka Hajiya ma ta yi imani" ai ba ƙarya ba ce.

Mai ɓoye suna: Ba ƙarya ba ce, kuma ita nake amfani da ita. Matsalar, 'yar nan ba ta barin zance a rataye. Za ta ce "kai fa Abba?"

Malam Habu Zariya: In ta ce haka, ka ce mata Abba yana nan yana neman sani. In dai ba ka rufe ƙofa ba, wannan gaskiya ce. In kuma ka rufe, to ka daina cewa shakka kake, ka zama mai yaƙini kamar mu, naka ya juya baya ne kawai. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka cire ta daga Islamiyya, kada kuma ka riƙa yi wa karatunta murmushin raini. Yara suna karanta fuska kafin su iya karanta allo.

Mai ɓoye suna: Ni nake kai ta, ni nake biyan kuɗin wata, kuma ni nake karɓar haddarta in uwarta tana kicin. Ta kai Lam yakun. Ina gyara mata maddi.

Abu Mus'ab: Allah ya sa Alƙur'anin da kake karɓa ya zama sanadin shiriyarka. Ban janye maganata ta farko ba.

Sani Mai Waya: Ka ga Abu Mus'ab ya yi addu'a ba zagi. Anti a rubuta ranar.

Hauwa Kumasi: Maman Ilham kafin a rufe, maganar jijjigar nan. Ƙaramar tawa ta taɓa yi da zazzaɓi, maƙwabta suka sa mata cokali a baki wai kada ta ciji harshe. Daidai ne?

Maman Ilham: A'a, kada a sa komai a bakinta, ko cokali ko yatsa ko ruwa ko magani. Cokali yana karya haƙori, ruwa yana iya wucewa huhu. Ki kwantar da ita a gefenta a ƙasa, ki kawar da abin da zai buge ta, ki sassauta mata kaya, ki duba agogo. Irin wadda zafin jiki yake kawowa ta fi zuwa tsakanin wata shida da shekara biyar, kuma yawanci tana tsayawa da kanta cikin 'yan mintoci. In ta wuce minti biyar, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko yarinyar ba ta farfaɗo sosai ba, a ɗauke ta a tafi nan take. Ko ta tsaya da wuri ma a kai ta asibiti a ranar a gwada jini, don a ƙasashenmu sai an tabbatar ba maleriya ko sanƙarau ba ne.

Anti Binta (admin): Sha biyu ta wuce, gobe akwai makaranta. Na rufe sharhi sai da safe. Mutum biyu sun aiko mini suna neman in haɗa su da mai tambaya, amsar a'a ce, kada a sake tambaya.